Yadda za ku auna jin daɗin unguwarku da kanku

Duk sanda rediyo ta ce tattalin arzikin Ghana ya ƙaru da kaza cikin ɗari sai in leƙa babbar kwatar unguwar Nima a Accra in ga ko ta ji labari. Zinaren da ake tonowa yana shiga lissafi, amma kogin Pra da galamsey, wato tonon zinare ba bisa doka ba, ya mayar kalar koko babu wanda ya cire kuɗinsa.

Akwai cibiyoyin bincike da aikinsu shi ne auna jin daɗin mutane, ba kuɗi kaɗai ba, kamar New Economics Foundation ta Landan da aka kafa 1986. A 2006 suka fito da ma'aunin ƙasashe da ake kira Happy Planet Index, suna duba tsawon rai, da yadda mutum ke jin rayuwarsa, da irin nauyin da yake ɗora wa ƙasa. Vanuatu, ƙaramar ƙasa a tekun Pasifik, ita ce ta zo ta ɗaya, Amurka tana can baya. To mu ma za mu iya namu ƙarami a zango, littafin eksasais ɗaya ya isa.

Ku haɗu mutum huɗu ko biyar, kar duk ku zama maza don wallahi yawancinmu ba mu san nawa ake cika galan Kufuor na ɗiban ruwa ba. Ku fara gaida sarkin zango da liman ku faɗa musu nufinku, in ba haka ba kafin la'asar an ce ku 'yan fati ne. Sai ku zaɓi gida talatin, ba na abokanku kaɗai ba.

Tambaya kar ta wuce biyar. Galan nawa aka saya makon nan, wa ya kwanta zazzaɓi kuma katin inshora ya yi aiki ko an biya daga aljihu, ina ake zubar da shara, yara nawa ke zuwa boko da makaranta. Ta ƙarshe ita ce tasu ta Turawan, daga 0 zuwa 10 ina kika ajiye rayuwarki. Nan fa aiki yake, Hajiya za ta ce maka alhamdulillahi ta yi shiru, kar ka matsa, ka ce Mma bara da bana wanne ya fi sauƙi, daga nan zance zai fito har da kuɗin haya.

Kar ku rubuta sunan kowa, lamba kawai. Bayan wata uku ku sake zagayawa gidajen nan dai, zagaye ɗaya ya faɗo cikin damina lokacin da kwata ke shiga ɗaki. In kun yi sau biyu sai ku yi fotokwafi, ɗaya wa asambiliman, ɗaya wa sarki, asalin littafin ku bar shi hannun matan.