Yadda ake karanta takardar alƙaluman ƙwallon kwando ta Folan

Idan takardar alƙaluman wasa ta zo hannunka, kada idonka ya fara sauka kan maki. Fara da mintuna. Haka nake gaya wa yaran da muke atisaye da su a nan Sakkwato bayan la'asar, kuma da takardun gasar Folan nake koya musu, saboda dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, suke bi, irin waɗanda muke bi a Najeriya: zango huɗu, kowanne minti 10, wanda ya yi laifi biyar ya fita. A NBA ta Amurka zangon minti 12 ne, laifi shida, layin maki uku ma ya fi nisa, mita 7.24, na FIBA kuwa 6.75. Shi ya sa wanda ya saba ganin maki 30 a NBA yakan raina mai maki 16 a Folan, bai san wasan ne ba tsawonsa ɗaya ba.

PLK ce babbar gasarsu, ƙungiyoyi 16. King Szczecin ta ɗauki kofi a 2023, Trefl Sopot a 2024, Legia Warszawa a 2025, Śląsk Wrocław kuma ta fi kowa yawan ɗauka a tarihi. Zaɓi wasan ɗaya daga cikinsu ka buɗe takardarsa a waya.

Mutum biyar a fili na minti 40, minti 200 ke nan a hannun koci, shi ke rabawa. Wanda ya ba minti 30 ko fiye, da shi ya yarda. Idan ka ga babban ɗan wasa da minti 14 kacal, leƙa gidan laifi. Sau da yawa za ka tarar da 4 ko 5 a wurin.

Kanun takardar da harshensu aka rubuta, kuma akwai tarko. Pkt maki ne, As kuma fasin da aka ci da shi. Zb ita ce ƙwallon da ta daki kwando ta dawo aka cafe, abin da yara ke cewa ribawun, kuma ana raba ta gida biyu: A ta wajen kai hari, O ta wajen tsaron gida. Wanda ya saba da takardun Amurka zai ɗauki O a matsayin hari, ya juya lissafin gaba ɗaya. Haka Str ko S: ba ƙwace ba ce, ɓarar da ƙwallo ce. Ƙwace tana ƙarƙashin Prz ko P.

Sai jifa, kuma a nan nake son ka zauna. Za ka ga an rubuta “za 2”, “za 3”, “za 1”, wato jifan maki biyu, na uku, da jifan laifi, kowanne da lamba biyu kamar 5/7: biyar sun shiga cikin bakwai. Lamba ta biyun ita mutane ke tsallakewa. Duk jifan da ɗan wasa ya yi, ƙwallon ƙungiya ya kashe, wadda da wani aka ba mai yiwuwa ya ci. Mai albasa ba ya murna da yawan cinikin yini sai ya cire uwar kuɗi. Maki ciniki ne, jifa uwar kuɗi.

Kada kuma ka auna kason maki uku da ma'aunin na biyu. Huɗu cikin goma daga bayan layi maki 12 ne, shida cikin goma daga ciki su ma 12. Don ka daidaita su, haɗa duk jifan da ya shiga, ƙara rabin na maki ukun, ka raba da duk jifan da aka yi. Mai huɗu cikin goman nan zai tashi da kashi 60 cikin ɗari, ba 40 ba.

A ƙarshen layi akwai Eval, lambar da ke ƙoƙarin tattara aikin mutum wuri guda. Lissafin FIBA mai sauƙi ne. Tara maki, ribawun, fasin, ƙwace da jifan da ya tare. Cire jifan da ya kuskure, jifan laifin da ya kuskure, da ƙwallon da ya ɓarar. A ce ga 'yan wasa biyu. Na farko ya ci maki 20, amma takwas suka shiga cikin jifa 22, biyu cikin huɗu a jifan laifi, ribawun 3, fasin 1, ya ɓarar sau 5. Tara: 24. Cire 14, cire 2, cire 5, saura 3. Na biyu maki 11 kawai, biyar cikin bakwai, ɗaya cikin biyu a jifan laifi, ribawun 9, fasin 3, ƙwace 2, tarewa 1, ɓari 1. Tara: 26. Cire 4, saura 22. Ranar da na rubuta wannan da alli a gefen fili, wani yaro da ke yawan jifa ya tsuguna ya bi lambobin da yatsa, ya ɗago ya ce, “Koci, wanga mai ashirin ai shi ya kashe su.” Abin da nake so su gani ke nan. EuroLeague, gasar manyan ƙungiyoyin Turai, tana ƙara laifin da aka yi wa mutum, ta cire wanda ya yi, don haka lissafa layi ɗaya da hannunka ka gane wane ma'auni takardarka ta bi.

In kana son ganin layin da ya cika, nemi na Mateusz Ponitka, ɗan wasan Folan, a wasansu da Sloveniya, zagayen 'yan takwas na EuroBasket 2022, gasar ƙasashen Turai, a Berlin: maki 26, ribawun 16, fasin 10. Folan ta ci 90 da 87, ta fitar da Sloveniya mai riƙe da kofi, alhali gwaninsu Luka Dončić na NBA yana cikinsu. Ribawun 16 ɗin nan sun fi makin burge ni. Ponitka ba shi ne dogon tsakiya ba, kuma kowace ƙwallo da ya cafe a gida, jifa na biyu ya hana Sloveniya.

Lambar +/- kuwa ban cika dogara da ita a wasa ɗaya ba. Tana nuna tazarar makin da ƙungiya ta samu ko ta rasa yana cikin fili, kuma rago na iya samun +15 don an sa shi tare da gwanaye. Bari sai ka tara wasa goma. Eval ma tana da makanta: wanda ya manne wa gwanin abokan hamayya har ya hana a ba shi ƙwallo, ba gidansa a takarda. Wannan sai ka kalli wasan da idonka. In wasan Folan za ka kalla kai tsaye, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonmu ɗaya da nasu, sauran shekara suna gabanmu da awa ɗaya.

Bayan ka saba, ja irin wannan takarda a littafin rubutu don wasanninku. Abin da ke damuna shi ne muna da yara masu hannu, amma ba mai shaidar rubutu ko ɗaya da zai nuna wa kocin wani gari. Sa mutum biyu a inuwa kusa da benci. Ɗaya ya riƙe jifa kaɗai, da'ira idan ta shiga, gicciye idan ta kuskure. Ɗayan ya riƙe ribawun, fasin, ƙwace da ɓari. Da an tashi, ku tara makin kowa ku gwada da sakamakon wasa tun kafin a kira magariba. In bai zo daidai ba, ku fara duba jifan laifi, can kuskuren ya fi ɓuya.