Babi na 6: Canza Faifan Birki a Tsohuwar Mota

Darasi na ɗaya: Ku san faifan

Idan aka cire tayar gaba, za ku ga wani ƙarfe zagayayye mai sheƙi. Shi ne faifan birki. Takalman birki guda biyu ne suke matse shi ta kowane gefe, mota ta tsaya. Abin da ke riƙe da takalman shi bakanike ke kira kalifa.

Faifai yakan nuna ya gaji. Sitiyari ya riƙa rawa in an taka birki, ko a ji ƙarar ƙarfe na gogar ƙarfe. Bari ya huce, sannan ku shafa shi da farce. In farce yana maƙalewa a rami, ko kun ga tsagewa, lokacinsa ya yi.

Yanzu karatu. A gefen faifan ko bayansa akwai rubutu da aka buga a jikin ƙarfen. Ku goge datti, ku nemi haruffan nan: M, I, N, sai T da H. Bayansu lamba ce, misali 20, sai MM, wato milimita. Ma'anarsa kaurin faifan kada ya gaza wannan lamba. In awo ya nuna ya gaza, ba a gyara shi, sai dai canji. Kada ku ji kunya in rubutun ya shige muku duhu, ku karanta harafi ɗaya bayan ɗaya. Kuma faifai biyu ake canzawa tare, dama da hagu, da sababbin takalma.

Darasi na biyu: Kwancewa

Ku ajiye mota a wuri mai daidai, ku ja birkin hannu, ku tokare tayoyin baya. Ku ɗan sassauta notuna tun taya na ƙasa, sannan ku ɗaga da jak. Ku sa ƙafar ƙarfe ta tallafe motar. Jak kaɗai ba abin yarda ba ne.

Ku kwance kalifa, ku rataye shi da waya. Kada ya yi lilo a jikin tiyon man birki, tiyon zai lalace daga ciki ba ku sani ba. Ku cire ƙarfen da ke riƙe kalifan, sai faifai ya fito. A tsohuwar mota yakan kafe saboda tsatsa, ku ɗan bubbuga shi da guduma. Ƙurar birki kuma kada a hura ta da baki, tana cutar da huhu.

Darasi na uku: Goge mazauni

A nan ne yawancin ɗalibai suke faɗuwa, don haka mu tafi a hankali. Wurin da faifai ya tashi daga kai, inda ƙusoshin taya suka fito, shi ne mazauni. Ku dube shi da kyau. Za ku ga jar tsatsa ta yi ɓawo, musamman a gindin ƙusoshi da kewayen tsakiya. Sai an goge ta tas kafin sabon faifai ya hau.

Me ya sa? Domin ɓarɓashin tsatsa da bai fi kaurin gashin kai ba, ya isa ya karkatar da faifan. Ido ba zai gani ba. Amma faifan zai riƙa taɓa takalmi a gefe guda duk juyi, ya ci ba daidai ba, bayan 'yan watanni sitiyari ya dawo da rawarsa. Sai mutum ya ce an sayar masa da faifai mara kyau, alhali mazauni ne bai goge ba.

Ku ɗauki buroshin ƙarfe, ku goge. Ku bi da samfefa. Ku share da tsumma mai tsabta, ku shafa da yatsa. Kun ji kaushi? Ku sake gogewa. Ku zagaya gindin kowace ƙusa, ɗaya bayan ɗaya. Sannu-sannu, za ku iya.

Ku maimaita da baki: a goge mazauni, sai ƙarfe ya yi fari, sannan a sa faifai.

Na ga masu shafa buroshi sau biyu su ce an gama. Wannan ganganci ne. Wa kuke yi wa sauri? Mutum ya yi ta fama da noti har gumi ya jiƙe riga, amma gogewar minti biyar ta gagare shi. In ba za ku goge mazauni ba, ku bar tsohon faifan a wurinsa, kada ku ɓata sabo.

Darasi na huɗu: Ɗaurawa

Sabon faifai yana zuwa da ɗan mai a jikinsa don hana tsatsa. Ku wanke shi da maganin wanke birki. Kun goge mazauni? To ku ɗora. Ku tura fistin kalifa, wato ƙarfen da ke tura takalmi, baya a hankali, kuna duba kada man birki ya yi ambaliya a tulunsa. Ku mai da ƙarfen da ke riƙe kalifa, ku sa takalma, ku mai da kalifa, sannan taya. Notunan taya a ɗaure su a tsallake, wannan sai wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen, ba a jere ba. Yawan ƙarfin ɗaurin yana cikin littafin motar.

Darasi na biyar: Gwaji

Kafin mota ta motsa, ku tattaka birki har ya yi tauri a ƙafa. In ba haka ba, takun farko ba zai kama ba. Ku gwada a hanyar da ba cunkoso, kuna taka birki a hankali sau da yawa. A guji birkin gaggawa a kwanakin farko.