Kurakuran da sababbin dillalan gidaje ke maimaitawa kan lasisin Fal

Tun da dokar dillancin gidaje da filaye ta fara aiki a Saudiyya a 2023, samarinmu na unguwannin Shara Mansur da Jarwal da Hindawiyya a Makka suka yi ca a kan sana'ar. Madalla. Sai dai na gaji da jin kuka iri ɗaya daga bakuna daban-daban, shi ya sa na zauna na rubuta.

Neman lasisin kansa ba wuya. Hukumar Kula da Gidaje da Filaye ce ke bayar da shi, sunansa Fal. Ka cika shekara 18, kana da cikakken hankali, ba a taɓa yanke maka hukunci kan laifin da ya taɓa amana ko mutunci ba, ka ci kwas ɗin Ma'ahadin Aƙari na Saudiyya, wato cibiyar koyar da harkar gidaje da filaye, ka shiga ta Nafaz, manhajar gwamnati ta tantance mutum, ka biya riyal 300 na shekara. Inda yara ke tuntuɓe a nan shi ne kwas: kowane fanni da nasa, na dillanci da talla daban, na kula da kadarori daban. Duba fannin da kake so kafin ka biya. Kuma lasisin yana ƙarewa. Ni a kalandar waya nake sa ranar, da tazarar wata guda.

Babban kuskuren kuwa, wanda ya taɓa cin kuɗina, kunya ce.

Wani dattijo, abokin mahaifina, ya kira ni ya ce, "Ɗana, ga gidan nan nawa, nemo mini mai saye." Na ce, "To, Baba, an gama." Ta yaya zan zaro wa mutumin da ya halarci sunana takarda in ce ya sa hannu? Na yi ta zirga-zirga cikin zafin Makka ina kai mutane, har Allah Ya kawo wanda gidan ya kwanta masa. Kwana biyu na ji shiru. Ashe ɗan dattijon ya karɓi lambar mutumin, sun ƙulla, sun sauya sakki, wato takardar mallakar gida, ni ina gida ina lissafin la'ada. Da na je, dattijon bai ma musa ba. Ya ce, "Allah Ya yi maka albarka," ya miƙo mini abin da bai kai kuɗin man da na ƙona ba.

Babu inda zan kai ƙara. Doka ta ce yarjejeniyar dillanci sai a rubuce, kuma sai dillali ya ajiye ta a wurin hukuma, in ba haka ba ba ta zama hujja. Da na yi hakan, la'adata kashi 2.5 cikin ɗari na kuɗin cinikin tana nan, in dai ba mu rubuta wani adadin ba. A haya kuma kashi 2.5 na kuɗin shekarar farko. In ba a faɗi wa'adi ba, kwana 90 ne, kuma ko ciniki ya faɗa cikin wata biyu bayan wa'adin ya cika, kana da haƙƙi muddin ka tabbatar kai ka haɗa su. Duk wannan kariyar kuke zubarwa don kar a ce ba ku da tarbiyya! Ni yanzu ko kawuna ne, ba na buɗe ƙofar gida ga mai saye sai saƙon amincewa da yarjejeniyar ya shiga wayar mai gidan ya danna. Nakan ce, "Kawu, ba ni ba ne, hukuma ce." Wasu abokan sana'a suna ganin na cika tsauri, su suka sani.

Na biyu ya fi wannan haɗari, kuma mu Hausawa ya fi shafa, don gida ɗaya za ka samu mai jinsiyya, wato ɗan ƙasa, da mai iƙama, wato baƙo mai takardar izinin zama. Dillancin gidaje sana'a ce da aka keɓe wa 'yan ƙasa. Sai ɗan'uwa mai iƙama, wanda ya fi ka sanin lungunan unguwa, ya ce, "Yaya, ka ciro lasisin da sunanka, ni in yi aikin, mu raba." Kai kuma ka ɗauka zumunci ne. Sunan wannan tasattur, kuma hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Shi kuma a fitar da shi daga ƙasar da wataƙila a cikinta aka haife shi. Wane irin taimako ne wannan? Ita dokar dillancin ma tararta tana kaiwa riyal 200,000, ga dakatar da lasisi ko soke shi. In kana son taimakonsa, ba shi daga aljihunka, lasisi dai ba a aro.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Lasisin Fal ba shi ne izinin talla ba: kowane gida da za ka tallata sai ka ciro masa nasa izinin, lambarsa ta fito a jikin tallan, ko a WhatsApp ne ko Snapchat. Arabun, wato kafin alƙalami, kar ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ciniki. Haya kuma a rubuta ta a Ijar, dandalin gwamnati na rajistar haya, takardar hannu ta zamanin kakanni ta wuce.

Sai gidan gado. A tsofaffin unguwanninmu babban wa ne zai zo da mabuɗi yana cewa kowa ya yarda. Kar ka saurare shi. Nemi sakkin gidan, nemi takardar ƙididdigar magada, ka ƙirga sunayen ɗaya bayan ɗaya, ka ga wakalar kowa, musamman 'yan'uwa mata da ke aure a Jidda ko Madina, don su ne ake mantawa har sai ranar sauya sakki. Gidan da ba shi da sakki kwata-kwata kuwa, ni ba na taɓa shi, ko da la'adar ninki biyu ce.