Yadda za ka fahimci "West Indies" da "East Indies" idan ka ci karo da su a rubutu

Kwanakin baya wani ɗalibi ya kawo mini fassarar da ya yi. Ya ci karo da "West Indies", sai ya rubuta cewa ana kwasar bayi daga Afirka zuwa "yammacin Indiya" su yi noman rake. Na ce ya nuna mini wurin a taswira, sai ya ɗora yatsa a kan Mumbai. Abin ya dame ni, domin ya ɗauke wahalar kakannin miliyoyin mutane ya kai ta wata nahiya. Ga yadda za ka kauce wa irin wannan.

Fara da sanin tushen ruɗanin. Turawan zamanin da suna kiran ƙasashen gabas masu kayan yaji "Indies", sunan da ya samo asali daga kogin Indus. A watan Oktoban 1492 Kolumbus, Bature matuƙin jirgin ruwa, ya sauka a wani tsibirin Bahamas da ke kusa da Amurka, ya ɗauka can ya iso, har ya kira mutanen da ya tarar Indiyawa. Kuskure ne, amma suna ya riga ya bi su.

Sai ka dubi kalmar da ke gaba. Idan "West" ce, tsibiran Karibiyan da ke tsakanin Amurka ta Arewa da ta Kudu ake nufi: Jamaika, Barbados, Tirinidad da maƙwabtansu. Idan "East" ce, kudu maso gabashin Asiya ne, musamman Indunisiya, inda tsibiran Maluku suke, asalin kanumfarin da ake jefawa a kunu da zoɓo.

Mataki na uku ya fi buƙatar natsuwa: duba shekarar rubutun, ka duba wace ƙasar Turai aka jingina wa sunan. "Dutch East Indies" ita ce Indunisiya a ƙarƙashin Holan; ta ayyana 'yancinta a 1945, Holan ta amince a 1949. "Danish West Indies" kuwa Denmak ta sayar wa Amurka a 1917, yanzu sunansu Virgin Islands na Amurka. Wani lokaci kamfani ake nufi, ba ƙasa ba. Kamfanin Holan na West Indies, wanda aka kafa a 1621, shi ya ƙwace sansanin Elmina da ke Ghana ta yau daga hannun Fotugal a 1637, ya ci gaba da lodin bayi daga nan.

Akwai tarko guda. A Tirinidad da Guyana, "East Indian" na nufin jikokin 'yan ƙwadagon da Ingila ta kwaso daga Indiya bayan soke bauta, tun daga 1838 a Guyana, 1845 a Tirinidad. Ba ruwansu da Indunisiya.

In ka zo naka rubutun, kada ka fassara sunan kalma da kalma. Rubuta "tsibiran Karibiyan", ko ka ambaci ƙasar kai tsaye, wanda ni na fi so. Ka bar "West Indies" yadda yake inda mutanen yankin suka riƙe shi da kansu, kamar jami'arsu da ta fara a Jamaika a 1948, da ƙungiyarsu ta wasan kurket, wadda har Guyana ke ciki duk da ba tsibiri ba ce. "East Indies" kuma sai a zancen tarihi kaɗai; in labarin yau kake bayarwa, ka ce Indunisiya.