Yadda ake saita sitiyarin ƙaramin samfurin babbar mota

Masu harhaɗa ƙananan samfuran manyan motoci, irin na ma'aunin 1/14 da kamfanin Tamiya ya yi suna a kansu, sukan ɓata makonni wajen fenti da fitilu, sai ranar gwaji su tarar motar tana gurzar tayoyin gaba duk lokacin da ta sha kwana. Galibi laifin yana ga kusurwoyin sitiyari, kuma zare da ma'auni sun isa a gano shi.

A fara da sarbo, wato ɗan injin da ke karɓar umarni daga rimot yana juya tayoyi. A kunna rimot, a mayar da saitinsa sifili, a bar sarbon ya tsaya a tsakiya da kansa kafin a ɗaura masa hannu, wato ɗan abin da yake juyawa ya ja sandar sitiyari. Wajibi ne hannun ya yi kusurwar digiri 90 da sandar da yake ja, in ba haka ba motar za ta fi lanƙwasa gefe ɗaya a kan ɗayan.

Babban aikin yana wajen kwana. Tayar da ke ciki tana bin da'irar da ta fi ta waje ƙanƙanta, saboda haka dole ta fi karkata. Georg Lankensperger, wani maƙerin kekunan doki a Jamus, shi ya tsara wannan dabara, Rudolph Ackermann kuma ya yi mata rajista a Ingila a 1818, har ta ɗauki sunansa. Domin gwadawa, a kifa motar, a miƙe tayoyin gaba, sannan a ja zare daga ƙusar da kowace taya ke juyawa a kanta, ya ratsa ta mahaɗar sandar da ke haɗa tayoyin biyu, ya wuce baya. Idan saitin ya yi, zaren hagu da na dama za su gamu a tsakiyar aksul ɗin baya, wato ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin baya, ko kuma a tsakanin biyun idan motar mai aksul biyu ce a baya. A nan ne masu ƙara wa shasi, wato ƙashin bayan motar, tsawo suke tuntuɓe, domin da zarar an ja aksul baya, zaren zai gamu tun kafin ya kai shi. Idan sandar tana bayan aksul ɗin gaba, maganin shi ne a matsar da mahaɗar waje kaɗan a kowane gefe, a ƙara wa sandar tsawo daidai da haka. A ganina wannan gyaran ya fi sayen sarbo mai tsada amfani.

Bayan haka a auna tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba biyu, ta gefensu na gaba da ta gefensu na baya. Gaban ya fi bayan matsewa da ɗan abin da bai wuce digiri 1 ba, domin motar ta riƙa tafiya sak.

Sai a saka batir, a ɗora wa motar kanta, wato ɗakin direba, a danna gabanta da yatsa ana kallon tayoyi. Idan suka karkata alhali ba a taɓa rimot ba, sandar da ta fito daga sarbo ta yi gangare da yawa, sai a ɗaga mahaɗarta ko a sauke ta da 'yan zobban ƙarfe har ta kwanta daidai da ƙasa. Haka kuma kan ƙusar juyawa ya ɗan jingina baya, abin da ke taimaka wa tayoyi komawa tsakiya bayan kwana, kuma ɗan siririn maƙali tsakanin sifirin da aksul yana samar da hakan.

Daga ƙarshe a juya sitiyari zuwa iyaka ta kowane gefe ana saurare. Idan sarbo ya kama gurnani, ko taya ta gogi sifirin, a rage iyakar daga rimot har ƙarar ta ɗauke, domin sarbon da ke tura abin da ba ya motsi yakan yi zafi ya ƙone.