Ƙwaƙwalwar Bakwaini: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

Kuskuren da ya fi kowane yawa ana yin sa ne tun jaririn yana ciki. Mai cikin wata bakwai ta ji ruwa ya tsinke ko mara tana murɗawa, sai a ce a ɗan saurara, ai lokaci bai yi ba, ƙila ya lafa. Wannan sauraren kuwa shi ke cinye awannin da ba sa dawowa, domin magunguna biyu da bincike ya tabbatar suna kare ƙwaƙwalwar bakwaini uwa ake yi wa su, kuma kafin ta haihu.

Na farko allurar deksametason ce ko 'yar'uwarta betametason. Likita Graham Liggins ya fara lura da aikinta a jikin tumaki, sannan shi da Ross Howie suka gwada betametason a kan mata a Auckland ta Niyu Zilan, sakamakon ya fito a 1972. Tana nunar da huhun ɗan tayi, tana kuma rage zubar jini a ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba da ita tsakanin mako 24 da 34, sai dai tana son lokaci, aƙalla kwana guda, kafin ta kama sosai. Na biyu magnesiyam salfet, wanda kowace ungozoma ta sani da maganin jijjigar masu ciki. Idan aka yi wa uwa shi gab da haihuwar da ba ta kai mako 32 ba, yana rage haɗarin sandarewar gaɓoɓi da taɓuwar ƙwaƙwalwa ke haifarwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wani nazari na 2009 da ya tattara gwaje-gwajen ya lissafa cewa cikin kowace mata 63 da aka yi wa, yaro ɗaya ya tsira daga lalurar. Abin takaicin shi ne sau da yawa maganin yana nan a kabad, amma ba wanda ya tuna da shi tunda mai naƙudar ba ta jijjiga.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen: a dinga yi wa duk wadda aka yi zaton bakwaini za ta haifa allurar deksametason. An gwada hakan a ƙasashe shida masu ƙaramin ƙarfi, sakamakon ya fito a 2015, kuma bai yi daɗi ba. Mutuwar jarirai ƙaruwa ta yi, kuma da yawa daga cikin matan da aka yi wa allurar ashe cikinsu ya isa haihuwa. Da aka sake gwaji a asibitoci 29 a Bangladesh, Indiya, Kenya, Najeriya da Pakistan, wannan karon da sikanin da ke tantance makonnin ciki da kuma wurin kula da jarirai, sakamakon 2020 ya nuna mutuwa ta sauka daga kashi 23.5 zuwa 19.6 cikin ɗari. Maganin bai canza ba. Gyaran shi ne a yi sikanin tun cikin yana ƙarami, a san makonninsa da lamba, a kuma haihu inda za a iya riƙe jaririn.

Da ya fito, hannu yakan yi saurin kaiwa ga almakashi. Ganin ƙanƙantarsa ke sa a yi hanzarin yanke cibiya don a ruga da shi. Alhali jinin da ya rage a mabiyiya nasa ne, kuma dakatawar minti ɗaya ko fiye tana ba shi damar karɓarsa. Babban nazarin da aka wallafa a mujallar Lancet a 2023 ya gano jinkirin yana rage mutuwar bakwaini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai fa idan jaririn yana bukatar a farfaɗo da shi nan take. Wasu kuma kan tatso jinin cibiyar da yatsu zuwa jikinsa don a rage jira. Ga wanda bai kai mako 28 ba, kada a yi. Gwajin da aka wallafa a 2019 dakatar da shi aka yi, saboda zubar jini mai tsanani a ƙwaƙwalwa ta fi yawa a cikin waɗanda aka tatsa musu.

Dalilin wannan raunin ya kamata a fahimce shi. A tsakiyar ƙwaƙwalwar bakwaini akwai wani wuri mai cike da jijiyoyin jini sirara ƙwarai, waɗanda ba sa jure hawa da saukar jini kwatsam. Mafi yawan fashewarsu tana faruwa ne a kwana ukun farko. Shi ya sa a waɗannan kwanakin ake rage ɗagawa da juyawa, ake haɗa ayyukan jinya a yi su lokaci guda, ake rage hayaniya da haske. Zubar kuma ba lallai ta nuna alama ba, don haka ake ɗora na'urar sikanin a maɗiga a duba, ko da jaririn yana kwance lafiya lau.

Batun sanyaya jiki yana rikita mutane. An ji cewa likitoci suna sanyaya jarirai don kare ƙwaƙwalwa, kuma gaskiya ne: ana sauke zafin jiki zuwa digiri 33.5 na awa 72. Amma wannan na jaririn da ya kai mako 36 ne ko fiye, wanda numfashi ya yanke masa wajen haihuwa, kuma a sashe mai cikakkun kayan aiki. Ko a nan ma, gwajin HELIX na 2021 a Indiya, Siri Lanka da Bangladesh ya samu ƙarin mutuwa a cikin waɗanda aka sanyaya. Bakwaini shi sanyi abokin gabarsa ne. Jikinsa yana son ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5, don haka a jinkirta wanka, a rufe kai, a manna shi a ƙirjin uwa.

Manna shi a ƙirji ɗin ma an daɗe ana jinkirta shi. Likita Edgar Rey ya fara wannan renon kangaru a Bogota ta Kolombiya a 1978 saboda kwalaben jarirai sun yi kaɗan, kuma shekaru da dama ƙa'idar ita ce sai jariri ya daidaita a kwalba tukuna. A 2021 aka wallafa gwaji a Gana, Indiya, Malawi, Najeriya da Tanzaniya a kan jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8, aka ga farawa nan take ya rage mutuwa da kashi 25 cikin ɗari. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta. A ganina raba uwa da bakwaininta da sunan tsafta yana cikin kurakuran da suka fi wuyar bari, domin kama yake da kulawa. Ga shi kuma kusancin yana taimaka wa nono ya kawo, nonon uwa kuwa yana rage mummunan ciwon hanjin da ke addabar bakwaini.

Oksijin ba a buɗe shi yadda aka ga dama. A shekarun 1940 zuwa farkon 1950 an cika kwalabe da shi, dubban jarirai suka makance kafin Kate Campbell a Melbourne da Arnall Patz a Amurka su gano tushen. Tsuke shi da yawa ma illa ne: manyan gwaje-gwaje sun kwatanta ma'aunin oksijin a jini na kashi 85 zuwa 89 cikin ɗari da na 91 zuwa 95, mutuwa ta fi yawa a na ƙasan. Saboda haka ba a ba bakwaini oksijin sai da na'urar auna shi a ɗaure a ƙafa ko hannu.

Iyaye kan razana idan suka ji an rubuta wa jaririnsu kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi. Magani ne na ɗaukewar numfashi, kuma gwajin da Barbara Schmidt ta jagoranta ya nuna a 2007 cewa ya rage sandarewar gaɓoɓi daga kashi 7.3 zuwa 4.4. Shi kuwa eritrofoyetin, sinadarin da ke sa jiki ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, da aka ɗora wa buri bayan ya yi kyau a dabbobi, da aka gwada shi a jarirai 941 a Amurka, sakamakon 2020 bai nuna wani bambanci ba a shekara biyu. Duk labarin sabon magani da aka ji, a fara tambaya: a ɓera aka gwada ko a jarirai, kuma an bi su har suka yi tafiya da magana?

Bayan sallama, ana yawan auna bakwaini da ranar haihuwarsa. Wanda aka haifa a mako 28 ya zo da wuri da mako 12, don haka idan ya cika wata shida, na ɗan wata uku za a nema a wurinsa. Haka ake lissafi har ya kai shekara biyu. Amma kada lissafin ya zama dalilin ƙin komawa asibiti. Gwajin ido da na ji suna da ranakunsu, kuma hannun da kullum yake dunƙule, ko ƙafafun da ke sandarewa suna harɗewa idan an ɗaga shi, abin nuna wa likita ne tun kafin ranar da aka rubuta a kati.