Kafin ka sauka Kota Bharu, san wane ne Tok Guru

Yawancinmu da ke zuwa Malesiya karatu, abin da muka sani kafin mu taso bai wuce Kuala Lumpur da tagwayen benayen Petronas da sunan Mahathir ba. To amma wanda takardarsa ta nuna Kubang Kerian, inda sashen lafiya na Universiti Sains Malaysia yake, ko kuma Universiti Malaysia Kelantan, ba a Kuala Lumpur zai zauna ba. Jihar Kelantan ya nufa, can arewa maso gabas a bakin iyakar Tailan, tafiyar kamar awa ɗaya a jirgin sama, ko kwana a hanya in motar dare ya shiga. Kuma Kelantan ta yau, tun daga rufe gidajen caca har layin biyan kuɗi a kanti, akwai hannun mutum guda a ciki: Nik Abdul Aziz Nik Mat, wanda kowa ke kira Tok Guru, wato babban malami. Ya rasu tun 2015, amma za ka ga hotonsa a gidajen abinci da shaguna, dattijo siriri da farin rawani. Wanda ya fahimci tafiyar siyasarsa ya fahimci abin da jiha ke iya yi masa a ƙasar nan da abin da ba ta da iko a kai, kuma wannan shi ne abin da baƙo ya fi buƙata.

Da farko ka cire gwamna irin na gida daga kanka. Malesiya na da jihohi 13. Tara daga ciki suna da sarakunan gado, Kelantan na cikinsu, kuma a waɗannan jihohin shugaban gwamnati shi ake kira Menteri Besar. Ba a kaɗa masa ƙuri'a kai tsaye kamar yadda ake zaɓen gwamnan Kano ko na Sakkwato. Dole sai ya ci kujerar mazaɓarsa a majalisar dokokin jiha tukuna, sannan sarkin jihar, wato Sultan a Kelantan, ya naɗa shi saboda shi ne ke da rinjayen 'yan majalisa. Ranar da rinjayen ya kuɓuce, kujerar ta tafi. Ba a kuma yi masa iyakar zango biyu ba. Shi ya sa Tok Guru ya riƙe Kelantan daga Oktoban 1990 har Mayun 2013, a lokaci guda yana ɗan majalisa mai wakiltar ƙaramar mazaɓa, da farko Semut Api, daga baya Chempaka.

An haife shi a 1931 a ƙauyen Pulau Melaka, kusa da Kota Bharu, a gidan malamai. Ya yi karatun soro irin nasu na pondok, ya wuce Deoband a Indiya, ya je Lahore, ya ƙare a Azhar ta Masar. Da ya dawo koyarwa ya kama. A 1967 ya shiga PAS, jam'iyyar Musulunci ta Malesiya, a shekarar ya ci zaɓen cike gurbi na majalisar tarayya a mazaɓar Kelantan Hilir, wadda daga baya ta koma Pengkalan Chepa, wato unguwar da filin jirgin da za ka sauka yake. Ya zauna a majalisar tarayya har 1986.

Ba a sama ya tsinci mulki ba. PAS ta fara riƙe Kelantan tun 1959, amma rikicin cikin gida ya kai gwamnatin tarayya ta ƙaƙaba wa jihar dokar ta-ɓaci a 1977, a zaɓen 1978 kuwa jam'iyyar ta sha mummunan kaye. A wannan halin aka miƙa masa ragamar PAS ta jihar. Shekara goma sha biyu suna adawa, shi kuma yana zaga masallatai da karatu. A 1990, da ƙawancen jam'iyyar Semangat 46 ta Tengku Razaleigh Hamzah, suka cinye kujeru 39 na majalisar jihar gaba ɗaya. A 2004 kuwa da ƙyar ya sha, kujeru 24 cikin 45, bayan wani zaɓen cike gurbi ma tazarar ta koma kujera ɗaya tak. Ya yi shekaru yana mulki a haka, gwamnatin tarayya da kuɗinta suna hannun abokiyar hamayyarsu, jam'iyyar UMNO, har 2008 ta zo ya sake cin zaɓe da gagarumin rinjaye. Duk wannan tsawon lokaci bai bar gidansa na Pulau Melaka da ke jikin masallaci ba, kuma bai daina karatun safiyar Juma'a a tsakiyar Kota Bharu ba. A ganina nan ne sirrin son da ake masa. Mutanen Kelantan sun ga shugaba yana zaune inda suka san shi tun kafin mulki.

Yanzu ga inda abin ya shafe ka. Kundin tsarin mulkin Malesiya ya bar wa jiha harkar addinin Musulunci, da filaye, da ƙananan hukumomi masu ba da lasisin kasuwanci. Da waɗannan Tok Guru ya yi aiki. Gidajen caca sun rufe, an ƙuntata sayar da giya, har yau babu silima a jihar. A manyan kantuna za ka ga layin biya na maza daban, na mata daban, ko da yake ba kullum ake tsanantawa ba. Allunan shaguna suna ɗauke da rubutun Jawi, ajaminsu ke nan, wanda ya yi allo zai iya haɗa baƙin ko bai san ma'ana ba. Shaguna da yawa na rufewa lokacin sallar Juma'a, saboda haka ka yi cefanenka tun da hantsi. 'Yan'uwa mata da suka saba da hijabi ba su da wata matsala, abin da mutanen gari ke sawa ke nan. Wanda ya zo da abokin karatu da ba Musulmi ba, ya gaya masa ya bar gajeren wando a ɗaki in za shi ofishin gwamnati.

Hutun mako a Kelantan Juma'a da Asabar ne, kamar Terengganu da Kedah. Lahadi ranar aiki ce, akwai aji, akwai banki. A Kuala Lumpur kuwa Asabar da Lahadi ake hutu. Wannan na nufin duk wata takarda da ta haɗa makarantarka da ofishin jakadancin Najeriya ko wata hukuma a babban birni, ranakunta huɗu ne kawai a mako, Litinin zuwa Alhamis. Mai sabunta biza ya sa wannan a lissafi tun da wuri, kada ya bari sai saura kwana kaɗan.

Ka ware safiya guda ka je kasuwar Siti Khadijah. Tok Guru ne ya raɗa mata sunan Nana Khadija saboda mafi yawan 'yan kasuwar mata ne. Hau bene ka leƙo ƙasa: fili ne mai kusurwa takwas, haske na saukowa daga rufi, iyaye mata zaune a kan dandamali tsakiyar tulin barkono da ganye da kabewa, kowace da ɗankwalinta mai launi, tana ƙirga canji da hannu ɗaya tana ƙulla leda da ɗayan. A saman benen za ka samu serunding, wanda in ka rufe ido ka ɗanɗana sai ka ce dambun nama ne aka sa wa kwakwa. Ka ce wa dattijuwa Mak Cik, dattijo Pak Cik, wadda ta ɗan girme ka Kak. Kada ka karaya in Malayancin da ka koya a waya bai yi maka aiki ba, karin harshen Kelantan ko mutanen Kuala Lumpur yana ba su wuya.

Akwai kuma inda ikonsa ya tsaya cak, kuma mu da muka ga abin da ya biyo bayan Zamfara a 1999 ya kamata mu lura da bambancin. A 1993 majalisar Kelantan ta zartar da dokar haddi. Har ya bar mulki ba a aiwatar da ita ba, har yau ma ba a yi ba, domin dokar tarayya ta 1965 ta iyakance hukuncin kotunan shari'a: ɗaurin shekara uku, tarar ringgit 5,000, bulala shida, ba ƙari. A Fabrairun 2024 Kotun Tarayya ta soke sassa 16 na wata dokar laifuffuka ta shari'a da jihar ta yi a 2019, bisa hujjar cewa majalisar jiha ta shiga hurumin tarayya. Haka a 2010 gwamnatinsa ta fito da dinare da dirhami na zinariya da azurfa, amma ringgit kaɗai ne kuɗin da doka ta sani. Ya kai kamfanin Petronas ƙara a kan kason man fetur da jihar ke ganin haƙƙinta ne, bai ga ƙarshen maganar ba.

Darasin a nan na aiki ne. 'Yan sanda, shige da fice, jami'o'i, manyan asibitoci, duk na tarayya ne. Bizarka ta ɗalibi ta hannun makarantarka da EMGS, hukumar da ke kula da takardun ɗalibai baƙi, da hukumar shige da fice take bi, babu ɗan majalisar jiha da zai sa mata hannu komai kusancinku a masallaci. Amma aure, saki, wa'azi da limanci na jiha ne, ƙarƙashin Sultan, wanda shi ne shugaban addini a jiharsa. A kan wannan ina jawo hankalin malamanmu musamman. Ba a hawa kujerar karatu a masallaci sai da takardar izini da ake kira tauliah daga hukumar addini ta jihar, kuma izinin wata jiha ba ya aiki a wata. Ko kai mahaddaci ne mai ijaza goma, in an ce ka ja salla a ƙaramin masallacin makaranta ka ja, amma kada ka buɗe majalisin tafsiri don kanka. Mai niyyar auren 'yar gari shi ma ta ofishin addini zai bi. Ɗaurin auren da ake tsallakawa Tailan a yi a gaggauce wahala yake jawowa wajen rajista, 'ya'ya ne ke ɗanɗana ta. Kogin Golok da ya raba ƙasashen biyu ƙarami ne, za ka ga kwale-kwale na kai da kawo. Kai baƙo ne, ta mashigar hukuma kaɗai za ka bi, irin gadar Rantau Panjang, da fasfonka.

Mutanen nan Shafi'awa ne. Liman zai bayyana Bisimilla, a Asuba za a ɗaga hannu a yi alƙunutu bayan ruku'u, a bayyane. Bi limaminka, ka bar gardama. In wani ya tambaye ka dalilin sakin hannu, ka ce masa kai Bamalike ne, da murmushi, galibi a nan maganar ke ƙarewa.

Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba, don za ka ji shi daga bakin 'yan jihar da kansu. Kelantan na cikin jihohi mafi ƙarancin samu a ƙasar. Matasanta da yawa suna Kuala Lumpur da Singafo neman aiki, sai da salla hanya ta cushe da masu dawowa gida. Ruwan famfo a unguwanni da dama yakan zo da launi, ko ya ɗauke, kafin ka biya kuɗin haya ka buɗe famfo ka gani da idonka, ka tambaya ko gidan na da rijiyar burtsatse. Masu al'adun gargajiya ba su manta da haramta wasan Mak Yong da aka yi a farkon mulkinsa ba. Magoya bayansa za su ce tarayya ce ta riƙe wa jihar kuɗi saboda adawa, masu suka za su ce tsoron Allah na shugaba bai gyara bututu ba. Ni dai ina girmama gudun duniyarsa ƙwarai, kuma ina ganin shekara ashirin da biyu sun isa a ce an magance ruwan sha. Ka tambayi maƙwabta kuma ko unguwar na cin ambaliya. Daminarsu mai ƙarfi daga Nuwamba zuwa Janairu take, ta Disamban 2014 ta shanye garuruwa irin su Kuala Krai har rufin gidaje.

Wani abu da ke ba sababbin zuwa mamaki shi ne yadda waɗanda ba Musulmi ba ke ambatonsa da alheri. A Tumpat akwai manyan gidajen ibadar mabiya Buddha, suna nan ba wanda ya taɓa su. A zamaninsa aka gina masallaci mai fasalin ginin Sin a Rantau Panjang. Shi ne kuma ya tsaya kai da fata a kan ƙawance da jam'iyyun adawa na PKR da DAP a 2008, ya ƙi yarda a koma ga UMNO. Watanni kaɗan bayan rasuwarsa ranar 12 ga Fabrairu 2015 ƙawancen ya wargaje, wasu suka ɓalle daga PAS suka kafa jam'iyyar Amanah. PAS ta ƙara ƙarfi, a 2022 ta ci kujeru 43 a majalisar tarayya, fiye da kowace jam'iyya guda. Ahmad Yakob ne ya gaji Tok Guru a kujerar Menteri Besar, a 2023 kuma Mohd Nassuruddin Daud ya hau. Yau kowane ɓangare na cewa shi ne magajin Tok Guru na gaskiya, don haka in hira ta kai nan, saurare ya fi maka.

Wannan sauraren ba kunya ba ce kawai, doka ce. Dokar taruka ta 2012 ba ta ba wanda ba ɗan ƙasa ba damar shiga zanga-zanga ko shirya ta ba. Abubuwa uku ne hukuma ke sa wa ido sosai: ƙabila, addini, sarakuna. Rubutu ɗaya a Facebook ko TikTok a kan Sultan na iya sa a soke biza. Mun saba a gida mu zagi gwamna a rediyo mu kwana lafiya, to a nan ka ajiye wannan. Lokacin zaɓe za ka ga koriyar tutar PAS mai farin wata ta cika titi, za a yi ta ceramah da dare, wa'azi da kamfe a haɗe. Kada ka ɗauki tuta, kada ka sa rigar jam'iyya ko an ba ka kyauta.

Ɗan majalisa dai ana ce masa YB, kuma kusan kowanne na da ofishin hidima a mazaɓarsa. In kwata ta toshe a layinku ko ruwa ya shiga gidaje, can maƙwabtanka za su kai kuka, ka bar mai gidan da kake haya ya shige gaba. Abin da ya shafi takardunka kuwa, ofishin ɗalibai baƙi na makarantarka za ka fara zuwa, ka riƙe kwafin fasfo da na biza a jaka kullum, ka kuma nemi lambar shugabannin ƙungiyar ɗaliban Najeriya na harabarku tun makon farko.